Daga Buga-Buga zuwa Awa Arba'in da Takwas: Tarihin Sanda da Iyakarta

'Yan'uwa na Zangon Salaga da Yendi da Bawku: A ƙasar nan kaɗan ne al'ummar da ta san sandar hukuma ta fuska biyu kamar yadda muka san ta. Kakanninmu sun riƙe ta, iyayenmu kuma sun ɗanɗana ta. Ya kamata mu san yadda aka yi har doka ta sa mata iyaka.

A shekarar 1873 Kyaftin Glover ya zo daga Legas da rundunar da ake kira Hausawan Glover, suka taya Turawan Ingila yaƙar Asante. Bayan yaƙin, a 1879, aka kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, aka ci gaba da kiranta da sunan Hausawa. A shekarun 1880 Turawa sukan turo jami'ai har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, don ɗibar sababbin dakaru. Ba dukansu ne Hausawan asali ba. Akwai bayin da suka gudu, akwai mutanen ƙabilun arewa da Hausa ta haɗa su. Abin da Bature yake nema shi ne baƙo, wanda ba shi da dangi a garin da za a tura shi, don kada hannunsa ya yi sanyi. Saboda yawan duka, mutanen kudu suka laƙaba wa waɗannan 'yan sanda suna da kalmarmu: buga-buga. Ɗan sandan wancan zamani bawan Gwamna ne, talaka ba shi da inda zai kai ƙararsa.

Samun 'yancin kai a 1957 bai raba mu da wannan gado ba. A wannan shekarar gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan. Suka je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka tura su Najeriya. A 1958 aka yi dokar da ta halatta tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa, 'yan sanda suka shiga zangogi suna tambayar asali, mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance. Wata biyu kafin haka, a Satumba 1969, jami'an tsaro sun buɗe wuta a fadar Yendi kan rikicin sarauta, mutum fiye da ashirin suka rasu.

Tsarin Mulkin 1992 ne ya juya al'amarin, kuma akwai kalma ɗaya a cikinsa da ta shafe mu ƙwarai. Sashe na 12 bai keɓe haƙƙoƙin ga ɗan ƙasa ba. Ya ba da su ga kowane mutum da ke cikin Gana, ko daga ina asalinsa yake. Saboda haka tambayar "daga ina kakanka ya zo?" ba ta rage maka komai a gaban ɗan sanda.

Sashe na 14 ya wajabta wa wanda ya kama ka ya gaya maka dalili nan take, da harshen da kake ji, ya kuma sanar da kai cewa kana da ikon neman lauya. Tsohuwar da ba ta jin Turanci tana da haƙƙin a yi mata bayani da Hausa. Sashen ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, ko a sake shi. An daɗe ana kama mutum ranar Juma'a a bar shi har Litinin, sai a Disamba 2019 Kotun Ƙoli, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. Tun 2016 kotun ta soke dokar da ta hana beli a wasu laifuffuka. Belin 'yan sanda kuwa ba a biyansa kuɗi. Sashe na 15 ya haramta azabtarwa. Sashe na 19 ya ce ba ka da laifi sai kotu ta tabbatar, abin da duk almajirin fiƙihu ya sani: kawo hujja nauyin mai tuhuma ne. Mace kuma mace ce kaɗai za ta caje jikinta.

Haka nan ɗan sanda yana da nasa ikon da ya kamata mu girmama. Yana iya kama mutum ba tare da takardar kotu ba idan yana da zato mai tushe. Dokar hana fita da Ministan Cikin Gida yake sanyawa, kamar yadda mutanen Bawku suka sha gani, doka ce, wanda ya karya ta za a kama shi. Mutanen Yendi sun zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci fiye da shekara biyu bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Maris 2002, kuma sun san cewa rashin jami'i a lokacin da ake buƙatarsa shi ma masifa ne. Amma karya dokar hana fita hukuncinsa yana kotu. Ba a ba kowa ikon bulala a bakin titi ba.

Wani zai ce duk wannan a takarda ne. A Yuli 2018 'yan sanda sun harbe matasa bakwai na Zangon Asawase a Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Mutanen Zango suka ƙi yin shiru. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar fashi ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Diyya ba ta dawo da rai, amma a zamanin buga-buga ko binciken ba za a yi ba.

Shawarata ga matasanmu: idan an tare ka, kada ka gudu, kada ka yi kokawa. Tambayi dalili cikin ladabi, ka riƙe suna da lambar jami'in da lokacin da aka kama ka. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka sa a sanar da danginka da Sarkin Zango. Idan an zalunce ka, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ da aka kafa a 1993, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, akwai Babbar Kotu. 'Ya'yanmu da ke cikin kaki kuma, ku tuna sunan da aka taɓa kiran magabatanku da shi, ku yi aikin da zai goge shi.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.