Daga Tsutsa Zuwa Zuciyar Mai Jego: Tarihin Maikro-RNA

Likitoci sun daɗe da sanin cewa sinadaran homon suna taɓa zuciya. Wanda homon ɗin tayirod ya yi masa yawa, zuciyarsa kan riƙa dukan uku-uku; wanda ya yi masa ƙaranci kuwa, sai bugun ya yi sanyi. Abin da ya shige musu duhu shi ne yadda saƙon homon ke sauya tsokar zuciya daga ciki. Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga jikin wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, wadda ko zuciya ba ta da ita.

A 1993, Victor Ambros da abokan aikinsa Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka gano cewa ƙwayar gado mai suna lin-4 a jikin tsutsar C. elegans ba ta samar da furotin. Wani guntun RNA take fitarwa, mai haruffa kusan 22. A shekarar ce Gary Ruvkun ya nuna aikin guntun: yakan manne wa saƙon wata ƙwayar gado, lin-14, ya hana a sarrafa shi. Masana suka ɗauke shi abin da ya shafi tsutsa kawai, har zuwa 2000 da aka gano na biyu, let-7, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. A 2001 aka raɗa musu suna maikro-RNA.

Masu binciken zuciya ba su yi wata-wata ba. A 2006, Eva van Rooij da Eric Olson a Dallas suka nuna cewa adadin wasu maikro-RNA yakan sauya a zuciyar da ta kumbura ko ta gaza, a ɓera da mutum. A 2007 suka kawo batun ɗaya daga cikinsu, miR-208, inda homon ya shigo labarin.

Tsokar zuciya tana da furotin mai motsa ta iri biyu: alfa mai sauri, da beta mai tafiyar hawainiya amma mai tattalin ƙarfi. Homon ɗin tayirod yana ƙarfafa alfa. Idan ya ragu, ko zuciya ta sha wuyar tura jini, sai ta karkata ga beta. Shi miR-208 a cikin ƙwayar gadon alfa yake ɓoye, kuma yana danne wani furotin da ke aiki tare da mai karɓar saƙon tayirod. Ɓerayen da aka cire musu miR-208, ko an matse musu babbar jijiya, zuciyarsu ba ta yi kauri da tabo yadda aka saba gani ba. A 2008 kuma Thomas Thum da abokansa a Jamus suka danganta miR-21 da tabon da ke sa zuciya ta sandare.

Babin da ya fi kusa da gida shi ne na masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, da kumburin jiki da haki, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. A 2007, Denise Hilfiker-Kleiner, mai binciken irin wannan ciwo a Hanoba ta Jamus, ta nuna cewa firolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono, yakan tsage idan gurɓatattun sinadaran iskar oksijin sun taru a zuciya, kuma guntunsa yana lalata ƙananan jijiyoyin jini. A 2013 aka gano ɗan aiken: guntun yana sa bangon jijiyoyi ya fitar da miR-146a, wanda ke shiga tsokar zuciya cikin 'yan ƙunshi ya rage mata kuzari. An ga miR-146a ya yi yawa a jinin masu wannan ciwo, ya kuma ragu bayan an ba su bromocriptine, maganin da ke tsayar da firolaktin.

A 2024 Ambros da Ruvkun suka karɓi kyautar Nobel. A shekarar ce kamfanin Novo Nordisk ya sayi Cardior, mai gwada maganin da ke toshe miR-132 a jikin masu gazawar zuciya. Gwaji ake yi har yanzu, maganin bai kai kantin asibiti ba.

A nan Arewa kuwa, binciken da aka yi a Nijar da kuma na Farfesa Kamilu Karaye a Kano sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin masu jegon da ciwon ya kama. Seleniyam na cikin abubuwan da jiki ke kare kansa da su daga irin gurɓatar da ke tsaga firolaktin. Haɗa wannan da abin da aka gano a Hanoba aiki ne da ya fi dacewa da asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato, domin nan ne masu ciwon suka fi yawa.