Manhajar Haɗa Kiɗa da Mawaƙin da Ke Nesa da Sutudiyo

Waƙar Bahaushe galibi ba aikin mutum ɗaya ba ce. Ko Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, duk da shahararsa ba ya tsayuwa sai da masu kalangu da 'yan amshi: shi ya ja baiti, su karɓa, makaɗi ya bi muryarsa. Shigowar fiyanon Yamaha sutudiyoyin Kano a shekarun 1990, wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kanta, ita ta tattara aikin makaɗa da yawa a hannun mutum guda, fim ɗin Sangaya na 1999 kuwa ya tabbatar da cewa kiɗan yana da kasuwa. Daga baya kwamfuta ta karɓi ragama, da manhajoji irin su FL Studio na kamfanin Image-Line a Beljiyam da Cubase na Steinberg a Jamus. An tsara fuskar waɗannan manhajoji ne domin mutum ɗaya a gaban allo, kuma a ganina nan ne suka saɓa da yadda muke aiki.

Mu ɗauki matashin mawaƙi a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi. Zai rera karin waƙarsa a saƙon murya na WhatsApp, ya tura wa makaɗi a Zoo Road da ke Kano. Makaɗi ya ɗora kiɗa, ya maido masa. Daga nan wahala ke farawa. Mawaƙin yana son a sassauta ganga a baiti na uku, a bar wa mai amshi fili, amma ba shi da inda zai sa yatsa ya ce nan. Sai ya sake naɗar wani saƙon yana kwatance, makaɗi yana lalube a allon da ba ya nuna baiti, sai layukan kayan kiɗa da ƙidayar bugu. Shi ma saƙon murya ana matse shi har ingancinsa ya ragu, don haka ranar ɗora murya dole mawaƙin ya shiga motar Kano.

Wani zai ce ai an riga an magance wannan, tunda BandLab ta Singafo da Soundtrap ta Suwidin suna barin mutane da dama su yi aiki a kan waƙa ɗaya daga nesa. Gaskiya ne, kuma ci gaba ne. Sai dai ƙarfinsu ya dogara ga intanet mai ɗorewa, da data mai araha, da wayar da ba ta rasa caji, da mai amfani da ke karanta umarni da Turanci. Wanda ke jiran sabis ya dawo ba a yi tunaninsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma mai kalangu yana matsa igiyoyinsa a hammata ne domin ganga ta bi wannan hawa da saukar. Manhajar da ke jan kowace murya zuwa sautuka 12 na fiyano, idan aka cika mata hannu, tana goge lanƙwasar da ke tsakani. A manhajar da za ta dace da mu, kamata ya yi mawaƙi ya iya nuna inda za a gyara da inda za a bar muryarsa yadda ta fito, ya kuma liƙa bayaninsa da baki a kan baitin da yake nufi, manhajar ta ajiye har sabis ya samu. Ta riƙa ɗaure sunan makaɗi da na mai amshi a jikin waƙar, domin da zarar ta faɗa hannun masu turi a kasuwa, sunan mawaƙi kaɗai ke saura.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da na Jami'ar Bayero, wannan aiki a ƙofar gidanku yake. Kafin ku zana maɓalli ko ɗaya, ku je sutudiyo ku zauna, ku saurari yadda mawaƙi da makaɗi ke gyara wa juna.