Laimar dira daga jirgin sama: kayanta, naɗinta da yadda ake kula da ita

Bayaninmu na yau a kan laimar dira ne, wadda mutum ke goyawa a baya ya faɗo daga jirgin sama. A nan gida wajen sojan laima muka fi saninta. A Turai, Amurka da Dubai kuwa wasa ne da farar hula ke biyan kuɗi su yi. Shi ya sa ƴaƴanmu da ke can kan turo bidiyo ta WhatsApp, an ɗaure su jikin wani suna shawagi cikin iska, uwa a ƙauye ta gani ta dafe ƙirji. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi a ƙasa kafin a hau jirgi: zaɓen kaya, naɗe su da duba lafiyarsu. Bayan ikon Allah, a kan wannan aikin ne ran mai dira yake rataye.

Daga ina ta faro

Ranar 22 ga watan Oktoba 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya sauko da laima daga balan-balan a birnin Paris, yana cikin kwando. A 1911 wani ɗan Rasha, Gleb Kotelnikov, ya ƙirƙiro laimar da ake naɗewa cikin jaka a goya. A 1919 a Amurka, Leslie Irvin ya faɗo daga jirgi ya ja hannun buɗewa da kansa. Ya sauka da rai, ko da yake ya karye a idon sawu.

Da can da siliki ake ɗinka laima. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsinke silikin da ke zuwa daga Japan, sai aka koma nailan. Wadda ta fara gwada laimar nailan da jikinta, ranar 6 ga watan Yuni 1942, mace ce mai suna Adeline Gray, kuma sana'arta naɗin laima. A shekarun 1960 Domina Jalbert ya fito da laima mai siffar fiffike, irin wadda ƴan wasa ke amfani da ita yau.

Abin da ke cikin kayan

Ɗamara da jaka abu ɗaya ne a ɗinke. Ɗamarar tana kama kafaɗu, ƙirji da cinyoyi biyu. Jakar tana da ɗaki biyu: na ƙasa na babbar laima, na sama na laimar ko-ta-kwana. Duka kayan kan kai kilo 10 zuwa 15.

Babbar laima ƙyalle ne hawa biyu, an raba shi aljihu-aljihu, galibi 9 ko 7, bakinsu buɗe ta gaba. Iska na shiga ta cika su, laimar ta miƙe kamar fiffike. Igiyoyi biyu na baya suna da madamƙa, su ne linzami: ka ja na dama ka juya dama, ka ja na hagu ka juya hagu, ka ja duka biyu ka taka birki wajen sauka.

Laimar ko-ta-kwana galibi aljihu 7 gare ta. An yi ta don ta buɗe da sauri kuma ta sauke mutum a natse.

Akwai zobba uku a kowace kafaɗa, babba, matsakaici da ƙarami, suna sarƙe da juna. Su ke riƙe babbar laima da ɗamara. Wani Ba'amurke, Bill Booth, ya ƙirƙiro su a shekarun 1970. Kowane zobe yana rage nauyin da ke kan na bayansa, har ya zama ɗan ja da hannu ɗaya ya isa a saki laimar gaba ɗaya.

Sai agogon tsawo da ake ɗaurawa a hannu, mai nuna tazarar mutum da ƙasa, da hular kwano, da tabarau na tare iska.

Na ƙarshe ita ce na'ura mai buɗe laima da kanta. Fitacciya ita ce CYPRES ta ƙasar Jamus, wadda ta fito a 1991. Akwai kuma Vigil ta Beljiyam. Tana auna nauyin iska, ta san tsawo da gudun faɗowa. CYPRES ta ƙwararru, idan ta ga mutum ya iso wajen mita 225 daga ƙasa yana gudun da ya kai mita 35 a daƙiƙa, sai ta yanke ƴar igiyar da ta rufe laimar ko-ta-kwana. An yi ta ne don wanda ya suma ko ya rikice.

Yadda take buɗewa, da in ta ƙi

Ƴan wasa kan fita daga jirgi a wajen mita 4000. Suna faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa na kamar minti ɗaya. Tsakanin mita 1500 da 1000 mai dira zai zaro wata ƴar ƙaramar laima daga gindin jaka ya wurga ta cikin iska. Ita ce jagora. Za ta fizge wata lanƙwasasshiyar ƙusa, jaka ta buɗe, igiyoyi su warware bi da bi, sannan laimar ta fito. Akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da ke zamewa a kan igiyoyin daga sama zuwa ƙasa, yana hana laimar buɗewa farat ɗaya. Ba don shi ba, fizgar na iya raunata mutum ko yaga ƙyallen.

To, in igiyoyi sun harɗe ko laima ta fito a murɗe tana juyi da mutum, akwai hannu biyu a ƙirji. Na dama yana sakin zobba uku, babbar laima ta tafi abinta. Na hagu yana buɗe ta ko-ta-kwana. Dama sannan hagu, a jere. Ana maimaita wannan a ƙasa har hannu ya haddace, don a sama ba lokacin tunani.

Zaɓen laima

Mafarin zaɓe shi ne nauyin mutum da yawan dirar da ya taɓa yi. Ana auna faɗin laima da ƙafa murabba'i, har a ƙasashen da ke aiki da mita. Ta ɗan koyo kan kai ƙafa 220 zuwa 280, wato wajen mita murabba'i 20 zuwa 26, kamar shimfiɗar babban ɗaki. Ƙwararru wasunsu na amfani da mai ƙafa 100 ko ƙasa da haka, wadda ke gudu kamar babur.

Ƙa'idar da ake bi wa sabon shiga ita ce kada nauyi ya wuce kusan kilo 5 a kan kowace mita murabba'i. Misali, mai kilo 80, a ƙara kilo 15 na kaya, ya zama 95. Ke nan laimarsa ba za ta gaza ƙafa 210 ba, kuma malamai kan ba shi wadda ta fi haka. Ƙungiyar masu dira ta Faransa tana da jadawali da ya ƙayyade mafi ƙanƙantar laimar da mutum zai ɗauka bisa nauyinsa da yawan dirarsa. Dalili kuwa, kaso babba na haɗurra na faruwa ne da laima buɗe lafiya lau: ƙarama mai gudu a hannun wanda bai ƙware ba, ya juya kusa da ƙasa ya bugu.

Ɗamara kuma sai ta dace da jiki kamar rigar da tela ya auna. In ta yi yawa hannayen ceto na iya gocewa daga inda aka saba samunsu. Jaka ma kowace da girman laimar da take ɗauka. A cusa babba cikin ƙaramar jaka, ƙusa ta yi tauri. A sa ƙarama cikin babba, ƙusa ta yi sako-sako, ta iya zarewa tun cikin jirgi.

Sabbin kaya miliyoyin sefa ne, shi ya sa da yawa ke sayen na hannu. Babu laifi, amma ba a biya sai mai naɗi mai lasisi ya baje su ya duba: shekarar ƙira, yawan dirar da aka yi da laimar, halin igiyoyi, da sauran shekarun da suka rage wa na'urar. CYPRES 2 ta farko shekara 12 da rabi take yi, wadda aka ƙera daga 2017 kuma shekara 15 da rabi. In wa'adi ya cika, ta gama aiki.

Masu naɗi da dokarsu

Babbar laima mai ita na iya naɗe ta da kansa cikin minti 10 zuwa 15. Ta ko-ta-kwana kuwa sai mai lasisi. A Amurka hukumar sufurin sama ke ba da lasisin, bayan mutum ya naɗe aƙalla laima 20 a gaban malami ya ci jarrabawa. Babban lasisi na buƙatar shekara 3 a aiki da naɗi 100 na kowane iri, a iri biyu na laima.

Ko ba a taɓa buɗe ta ba, laimar ko-ta-kwana sai an fiddo ta an duba an sake naɗi. A Amurka kowane kwana 180, tun daga 2008, kafin nan kwana 120 ne. A Ingila wata 6. Mai naɗi zai bi ƙyallen aljihu-aljihu, ya bi igiya ɗai-ɗai, ya tabbata ƙarfin da ake bukata a ja hannun ceto bai wuce kilo 10 ba. Yana ƙirga kayan aikinsa kafin ya fara da bayan ya gama, kar wani abu ya saura a ciki. Sannan ya ɗaure ƙusa da siririn jan zare da hatimin dalma mai alamarsa, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu a katin da ke cikin aljihun jakar. Zare a tsinke ko kati da ya wuce lokaci, ba a hawa jirgi da kayan.

Abubuwan da ke cin laima

Rana ce ta farko. Haskenta na cin nailan a hankali, kamar yadda muke ganin buhun leda da aka bari a tsakar gida ya ruɓe ya koma gari. Don haka a inuwa ake naɗi, kuma ba a barin laima a baje a fili.

Zafi na biyu. Kayan da aka bari cikin but ɗin mota da rana, robobin da ke riƙe igiyoyi na lalacewa, batirin na'ura ma na wahala.

Rairayi da ƙura suna shiga tsakanin zaren igiya suna yanka shi daga ciki. A filayen dira na hamada, kamar na jihar Arizona a Amurka, igiya na saurin tsufa. Wanda ya san hazon hunturu a Damagaram ko Tawa ya gane abin da muke nufi.

Ruwan batir da sauran sinadarai na ƙona ƙyalle ko da ido bai gani ba. In laima ta faɗa ruwan teku, a ɗauraye ta da ruwa mai daɗi a shanya a inuwa. Ba a naɗe ta da danshi.

Igiyoyi kuma suna da wa'adi. Irin Spectra na tsukewa saboda zafin guga, har tsayinsu ya bambanta, laima ta riƙa buɗewa a karkace. Irin Vectran ba ya tsukewa, amma yana iya tsinkewa ba tare da ya nuna tsufa sosai ba. Bayan dira ɗaruruwa ana sauya su duka. Ƴar igiyar rufe jaka, da ta fara gashi a canza ta nan take: ba ta da tsada, amma tsinkewarta a bakin ƙofar jirgi na iya jefa kowa cikin haɗari. Zobba uku kuma kowane wata ake kwance su, a murza maɗaurin don kar ya sandare, a goge wayoyin. Ɗinki da faci aikin mai lasisi ne, da ƙyalle da zare irin na asali.

Kafin shiga jirgi ana duban uku-uku: zobba uku, maɗauri uku (ƙirji da cinyoyi biyu), hannaye uku. Sannan abokin tafiya ya duba maka ƙusoshin baya, tun da ido ba ya ganin ƙeya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta soja daban take

Laimar da ake zubar da dakaru da ita galibi zagayayya ce. Ana fita ƙasa-ƙasa, wajen mita 300 zuwa 400, kuma wata igiya da ke maƙale cikin jirgi ce ke buɗe ta. Ta ko-ta-kwana a ciki ake ɗaura ta, ta gaba. Masu naɗin soja ke naɗe wa kowa. A rundunar Amurka su ma sojan laima ne, ana gane su da jar hula, kuma a makaranta sai kowa ya dira da laimar da ya naɗe da hannunsa.

Ga ɗan uwa mai son gwadawa

Dirar farko galibi ta goyo ce: ana maƙala fasinja a gaban malami ta wuri huɗu, laima ɗaya babba ta ɗauke su. A Amurka doka ta ce malamin ya kasance ya yi dira 500 da shekara 3 a harkar, kuma dole kayan su kasance da na'ura mai buɗewa da kanta. Ƙungiyar masu dira ta Amurka ta ƙirga mutuwar mutum 10 a dira wajen miliyan 3.65 a shekarar 2023. Adadin kaɗan ne, amma kowannensu ɗan wani ne.

Saboda haka, ɗan uwa, kafin ka biya ka tambaya: shin wurin na da rajista da hukumar ƙasar? Malamin na da lasisin goyo? Yaushe aka naɗe laimar ko-ta-kwana, a nuna maka katin? An kunna na'urar? Ka faɗi nauyinka na gaskiya, da ciwon zuciya, hawan jini, ciwon baya ko kafaɗa mai gocewa in kana da su. Wurin kirki ba ya jin haushin tambaya. In aka yi maka hanya-hanya, ka kama gabanka da kuɗinka.

Iyaye na gida kuma, in yaro ya kira ya ce zai dira, ku karanta masa waɗannan tambayoyin kafin ku sa masa albarka. Allah ya tsare mu, na gida da na tafiya.