Anini, Ɗari, Kwabo: Sunan Tsohon Kuɗi Kafin Farashinsa

"Tsohon kuɗi." Da wannan suna guda ake kiransu duka yanzu. Wanda garma ta tono lokacin huɗa, da wanda aka tarar a ƙasan adudun tsohuwa ranar rabon gado, da wanda ya shekara aru-aru a zare yana rataye a jikin azara, duk tsohon kuɗi ne. Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Kunchi da Tsanyawa, ƙasa ce da ba a barin gona ta huta. Gida na jikin gida, kufan jiya gonar yau ce, kowace kunya kuma sai an juya ta duk damina. Saboda haka abin da kakanni suka binne a tukunya, komai daɗewa sai ya fito. Yanzu da waya ta shiga kowane ƙauye, samari sun ji cewa akwai masu saye a Facebook da TikTok da WhatsApp, sai ka ji yaro yana cewa, "Iya, ina kwabban nan naki masu huji? An ce miliyoyi ake sayensu."

Abin da ke damuna shi ne sunan nan guda ɗaya. Wanda ya shiga ciniki ba shi da komai a baki sai "tsohon kuɗi" bai san abin da ke hannunsa ba. Ko dai ya saki mai daraja a banza, ko kuma, wanda ya fi yawa, ya kashe na aljihunsa wajen bin miliyoyin da babu su.

Kakanninmu ba haka suke kiransu ba. Kowane ƙarfe da sunansa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma da wuri Kano ta yi ciniki kafin zuwan Turawa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, a 1904 suka hana shigo da wuri, suka kuma matsa a biya haraji da kuɗinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ta nan silalla suka kwararo ƙauyuka. Amma wuri bai tafi ba sai da ya bar sawunsa a harshe: rabin kwabo aka kira shi ɗari, domin wuri ɗari ake canza shi. Duk tsohon da ya ce "kwabo da ɗari", lissafin zamani biyu ya haɗa a numfashi ɗaya.

Sauran sunayen yawancinsu aro ne da bakin Bahaushe ya tanƙwara har suka zama nasa. Kwabo daga sunan jan ƙarfe yake a Turanci. Taro, sisi da nai daga uku, shida da tara suke, wato adadin kwabban da ke cikinsu. Ahu kwabo ɗaya da rabi ne. Sule kwabo goma sha biyu, fam sule ashirin. A can ƙasa kuwa akwai anini, wanda sai an tara goma ake samun kwabo, sai an tara 2,400 ake samun fam. An ƙirƙiro shi ne don ya maye gurbin wuri a ƙananan cinikayya, irin na daddawa da gishiri da ƙuli-ƙuli. Na farko da aka buga a 1907 na alminiyam ne, yana kuma cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Duk wanda ya riƙe anini ko kwabo na wancan zamani ya duba da kyau, zai ga huji a tsakiya don a zura a zare, da tauraro mai tsini shida, da ƙimarsa a rubuce da haruffan Larabci, domin su mutanenmu suka iya karantawa.

Dala ta fi kowanne yawo. Asalinta babbar azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wadda fatake suka riƙa ketowa da ita ta hamada. Da kuɗin Ingila suka zo, sunan ya koma kan sule biyu, wanda kuma ake kira fataka. Ƙetare iyaka kaɗan, a Maraɗi da Damagaram, dala tamma biyar ce ta sefa har gobe, shi ya sa ɗan Nijar zai ce maka dala ashirin yana nufin sefa ɗari. Haka jaka: a can sefa dubu, a nan fam ɗari, wanda ya zama naira ɗari biyu ranar 1 ga Janairun 1973 da aka canza kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu. Sule ma bai mutu a ranar ba, ya koma kan kwabo goma. Yau ƙarafan sun ɓace daga kasuwa, amma har yanzu muna cewa "ba ni da ko sisin kwabo", "bai ba ni ko anini ba", "ko kwandala".

To amma duk waɗannan sunaye abu ɗaya suke faɗa: nawa ƙarfen yake saye a kasuwa. Mai tara tsofaffin kuɗi ba wannan yake tambaya ba. Shi iri yake nema. Manomi ya san kaura dawa ce, farafara ma dawa ce, amma ba ya haɗa su a buhu ɗaya ranar kasuwar Dambatta. Kwabo ma haka yake a wurin masu tarawa, kuma cikakken sunansa ya ƙunshi sarkin da aka rubuta a jiki, da shekara, da ƙarfen da aka yi shi da shi, da gidan da ya buga shi.

Gidan bugu yana barin ɗan mitsitsin harafi da sai an ƙura ido. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ba a wuri ɗaya ta riƙa ba da aiki ba. In babu harafi, a Landan aka buga. H na nufin kamfanin Heaton da ke Bamingam, KN na nufin King's Norton, shi ma a can, SA kuwa Firitoriya ce ta Afirka ta Kudu. Kwabo biyu masu shekara ɗaya da sarki ɗaya na iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba saboda wannan harafi, domin wani gidan miliyoyi ya buga a shekarar, wani kaɗan. Ƙarfe ma haka. Taro da sisi da sule da fataka da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, har zuwa 1920 da azurfa ta yi tsada aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Da yawa daga na azurfar sun ƙare a wutar maƙeran fari, sun zama mundaye da awarwaro da zobba a hannun iyayenmu mata. Wanda ya tsira yana da darajar azurfarsa ko da ya goge.

A nan ne 'yan talla na intanet suke samun ƙofa, domin labari ya fi ƙarfe tsada. Ɗauki kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya hau a Janairu ya yi murabus a Disamba. A Ingila kanta ba a kashe kuɗi da sunansa ba, amma a nan an buga anini da ɗari da kwabo, saboda namu masu huji ba sa buƙatar hoton sarki, suna kawai. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai miliyoyi aka buga, shi ya sa yake da araha a wurin waɗanda suka sani. Wanda ake nema da gaske shi ne kwabon da gabansa ke ɗauke da sunan Edward, bayansa kuma ya ce 1945, shekara tara bayan saukarsa, saboda an haɗa hatimi biyu da ba na juna ba a gidan bugu. Masu tarawa alfadari suke kiran irin wannan, kuma sunan ya dace. Dalar Mariya Tereza kuwa ita ta fi ruɗin mutane. Kusan kowace ɗaya 1780 take ɗauke da shi, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana da Landan da Faris da Roma da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ba a daina ba. Nauyinta giram 28 ne, azurfar da ke ciki giram 23 da ɗoriya. Yawancinsu wannan azurfa ce darajarsu, kuma ba ƙaramar daraja ba ce, amma ba dukiyar ƙarni na sha takwas ba ce.

Bayan iri sai lafiyar ƙarfen, kuma kan wannan ake yawan rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mu ma muna da kalmominmu: sabo fil, wanda ya sha hannu, da shafaffe, wanda mai koko kan juya ta mayar maka. Turawa sun mayar da abin lissafi. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da ma'auni a 1949 daga 1 zuwa 70, kamfanoni irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987 kuma suna duba kuɗi su ba shi lamba su rufe shi a roba. Daga 60 zuwa 70 ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a wannan ma'auni matakin da suke kira "mai kyau" yana can ƙasa ne, wajen lamba 4 zuwa 6, kusa da shafaffe. Saurayi zai tura hoto a ce masa kwabonsa mai kyau ne, ya kwana yana lissafin babur, alhali an gaya masa ne cewa ya goge. Kuɗin da ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin kasuwanninmu, ya kuma yi wasu shekarun a cikin ƙasa, da wuya ya hau sama a ma'aunin, kuma ladan aika shi a auna yakan fi ƙarfin kwabo na gama-gari.

Ga wani abin takaici. Ɗabi'armu ce in za mu kai kaya kasuwa mu gyara shi, sai mutum ya ɗauki toka da lemun tsami, ko tsamiya da yashi, ya dirje kwabon har ya yi ƙyalli. Da hannunsa ya zubar da darajarsa. Duhun nan da shekaru suka shafa masa shi ne shaidar ba a taɓa shi ba, kuma mai saye na gaskiya yana gane dirjajje da kallo ɗaya.

Muna da suna ga na ƙarya tun tuni: jabu. Masana harshe na danganta kalmar da Ijebu, inda aka yi ta shari'ar masu buga sulen ƙarya a zamanin Turawa, har ta kai a 1938 aka sake ƙarfen sule aka yi masa tsagi a gefe don a wahalar da masu kwaikwayo. Jabun yau daga masana'antu yake fitowa, har da dalar 1780 da babu azurfa a cikinta, kuma ma'aunin maƙeri ko mayen ƙarfe kan tona wasu. Muna kuma da algus, wanda Risala ta haramta tare da ɓoye aibin kaya, kuma duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya ji wannan babi. Mai sayarwa da ya goge kwabo ya kira shi sabo fil algus ya yi. Haka wanda ya ɗauki hoto ta gefen da babu aibi. Wannan hukunci ya hau kan namu mutanen da ke sayarwa kamar yadda ya hau kan baƙi.

Sauran kalmomin da ake buƙata duk suna kasuwar ƙauye. Akwai kuɗin da mai kaya ya yanka, akwai tayi, akwai albarka, akwai sallama. Lambar da ake gani a eBay ko a bidiyo, kwabo ɗaya a kan dalar Amurka dubu kaza, yankan mai kaya ne kawai, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Farashi shi ne yadda aka sallama, kuma shafin yana da wurin duba abin da aka riga aka sayar da nawa aka biya. Littafin Krause na kuɗaɗen duniya da shafin Numista suna nuna kowane iri da adadin da aka buga. Sai la'ada. A kara ko a kasuwar hatsi, dillali ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. Wanda ya kira ka a waya yana "Alhaji, ranka ya daɗe, kayanka ya yi, Bature na jira", sannan ya ce ka fara turo kuɗin rajista ko na takardar shaida ko na kwastan, ba dillali ba ne kuma ba mai saye ba ne. Haka mai cewa kwabo na jan shinkafa ko yana da wani sinadari a ciki. Mai tarawa na gaskiya shekara yake tambaya, da harafi, da nauyi, da hoton gaba da baya a hasken rana.

Ni a ganina ba duka ne ma na sayarwa ba. Fatakar 1959 ta Tarayyar Nijeriya, shekarar da Babban Banki ya fara aiki, tsiron gyaɗa ne a jikinta, taro kuma auduga. Amfanin gonakinmu ne aka buga a ƙarfe, kuma abin da za a ba ka a kansu ba zai sayi kwanon gero da yawa ba. Sun fi amfani a hannun malamin firamare yana nuna wa yara anini da ɗari, maimakon su tashi suna faɗin sunayen ba su san kamanninsu ba.

Don haka ɗan'uwa, in ka tsinci tsohon kuɗi, kada ka wanke shi. Kai wa dattijon gidanku ya gaya maka sunansa na Hausa tun yana raye, ka rubuta a takarda, ka ƙara da sunan sarki da shekara da harafin gidan bugu da inda aka same shi. Sai bayan nan ka buɗe waya, kuma kada ka tura wa kowa ko sisi kafin ka karɓi naka.