Injin da Ba Ya Shan Mai: Tarihin Wani Tsohon Mafarki

Kwanakin baya wani ɗalibina ɗan Tsaskiya ya zo mini da tsohuwar fanka, ya jera mata mayen ƙarfe da ya ciro daga matattun lasifikoki. Ya ce in ya gama, za ta riƙa juyawa har abada, ba fetur, ba batir, ta haska gidansu. Ya murza ta, ta yi 'yan zagaye, ta tsaya cik. Ban yi dariya ba, domin mafarkin nan ya girmi kakannin kakanninmu.

A shekarar 1269 wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, yana cikin rundunar da ta kewaye garin Lucera na Italiya, ya rubuta wasiƙa a kan mayen ƙarfe. Ya bayyana kawunansa biyu daidai, amma a ƙarshe ya zana wata ƙafa mai haƙoran ƙarfe wadda yake zaton dutsen zai riƙa juya ta ba tsayawa. Ba ta juya ba. Masu gwadawa suka yi ta biyo sawunsa, har a 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Faris ta gaji, ta daina duba irin waɗannan injuna. A 1847 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya zayyana dalilin: ƙarfin aiki ba a ƙirƙirarsa daga babu, sai dai a sauya masa kama. Duk da haka, a 2006 kamfanin Steorn na Dublin ya yi shelar ya dace. Masanan da aka naɗa suka bincika, a 2009 suka ce ba su ga komai ba.

Ina matsalar take? Ƙarfin da mayen ƙarfe ke jawo ƙarfe da shi yayin isowa, da shi yake riƙe shi yayin wucewa. Tamkar mai keke ne a kwari: saurin da gangara ta ba shi, hawa zai karɓe, guga da iska su cinye ragowar.

To, sai mu kashe wa yaranmu guiwa? Ko kusa! Dubi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwa na ƙafewa, yana tafiya da zafi, kayan lambu suna daɗewa ba lantarki. Wannan ya ba shi kyautar Rolex a 2000. Bai yi jayayya da dokar da Allah Ya ɗora wa halitta ba, bin ta ya yi.

Ɗalibina bai jefar da fankarsa ba. Mun naɗa mata waya, ya kafa ta a kan gora, ya fuskantar da ita iskar hunturu. Ɗan ƙwan fitila ya yi ƙyal-ƙyal. Hasken bai taka kara ya karya ba, amma wannan karon mun san inda ya fito.