Tafinta Tsakanin Zamani Biyu: Tarihin Na'urar Juya MIDI Zuwa Ƙarfin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata ƙaramar na'ura da ke yin tafinta tsakanin tsofaffin na'urorin haɗa sauti da sababbinsu, tare da nuna dalilin da ya sa masu fasaha suke yi mata kwaskwarima.

2.0 Zamanin Ƙarfin Lantarki

A shekarar 1964 Robert Moog ya nuna na'urarsa ta haɗa sauti a birnin New York na Amurka. Ƙa'idarta ita ce ƙarfin lantarki ne ke juya sauti: idan aka ƙara bolt 1, kaifin amo ya ninka, wato ya hau zango guda. Tun da zango yana da matakai 12, kowane mataki kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt. Wata waya dabam kuma ita ke sanar da na'ura cewa an danna maɓalli ko an sake shi.

Sai dai kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wannan ƙa'ida ba. Korg MS-20 ta 1978 da wasu na'urorin Yamaha sun bi wani tsari, inda sai an ninka ƙarfin lantarkin kansa kafin amo ya hau zango. Haka nan siginar danna maɓalli: ta Moog tana aiki ne idan aka sauke lantarki ƙasa, ta Roland da ARP kuwa idan aka ɗaga shi. Saboda haka na'urar wannan kamfani ba ta jin yaren ta wancan.

3.0 Bayyanar MIDI

Wannan rarrabuwa ce ta sa Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits ya gabatar da shawarar tsari na bai ɗaya a 1981, tare da goyon bayan Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan. A watan Janairun 1983 aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 a bainar jama'a, ɗaya ta kaɗa ɗaya. MIDI lambobi take aikawa: kowane amo yana da lamba daga 0 zuwa 127, a kan tashoshi 16. A wannan shekara Yamaha ta fito da DX7, mai aiki da lissafin kwamfuta, kuma cikin ɗan lokaci darajar tsofaffin na'urori ta faɗi warwas.

4.0 Aikin Tafinta da Kwaskwarimarsa

Makaɗan da suka ƙi rabuwa da muryar tsofaffin na'urori sun buƙaci tafinta, irin su MPU-101 ta Roland da waɗanda Kenton ya ƙera a Ingila. Tafinta yana karɓar lambar amo, ya mayar da ita ƙarfin lantarki, sannan ya buɗe siginar maɓalli. Amma da yake tsohon saɓani yana nan, wanda aka ƙera don Roland ba zai kaɗa Korg daidai ba. Kwaskwarimar da aka fi yi iri uku ce: juya siginar maɓalli da taransisto guda, canza lissafi daga tsarin ƙari zuwa na ninki, da daidaita ma'auni, domin ƙaramin kuskure a mataki ɗaya yana taruwa har ya ɓata amo bayan zango huɗu ko biyar. Buƙatar ta ƙaru bayan da Doepfer na Jamus ya farfaɗo da tsarin ƙarfin lantarki da A-100 a tsakiyar shekarun 1990.

5.0 Kammalawa

Darasin da manazarcin al'ada zai ɗauka shi ne, ƙarfin lantarki yana iya tsayawa a ko'ina tsakanin amo biyu, alhali lambobin MIDI an gina su ne a kan matakai 12 na kiɗan Turai. Kiɗan Larabawa da na Indiya, masu amo a tsakanin waɗannan matakai, sai da dabarar lanƙwasa amo, ko ƙarin ƙa'idar daidaita sauti ta 1992, suke samun shiga. Duk wanda ya tsara ma'auni, ya zaɓi kiɗan da zai zo da sauƙi da wanda zai sha wuya, kuma wannan batu ya cancanci ƙarin bincike daga masu nazarin kiɗan gargajiya.