Amsar Takardunku: Tarihin A-kori-kura Da Yadda Ake Zaɓen Inji Da Giya

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Dorayi cikin birnin Kano. Ya ce yana noma a ƙauye, da rani kuma yana ɗauko fatu da ƙiraga yana kai wa masana'antun jima na Challawa. Ya tara kuɗin amfanin gona zai sayi a-kori-kura wadda zai riƙa yi wa lodi, ya kuma ɗaura mata 'yar tirela mai injin sussuka a baya. Abokansa sun ce ya nemi mai babban inji kawai. Shi ne yake tambaya, haka abin yake?

To Malam, mun gode. Amsar a taƙaice ita ce girman inji shi kaɗai ba ya jan kaya, sai an haɗa shi da giyar da ta dace. Tarihin motar kansa ya nuna haka, don haka bari mu faro daga tushe.

A ƙasar Amurka kamfanin Ford yana da wata ƙaramar mota mai suna Model T, wadda injinta ke da ƙarfin doki 20 kacal. Da manoma suka riƙa yanke bayanta suna kafa akwatin katako don ɗaukar kaya, sai a shekarar 1917 kamfanin ya fito da ta kaya mai ɗaukar tan guda, ya kira ta Model TT. Abin lura, bai sake inji ba. Daga cikin abubuwan da ya sake akwai haƙoran da ke cikin bak-aksil, watau ƙarfen nan mai tulu a tsakiya da ke haɗa tayoyin baya. A ƙaramar motar, farfela kan juya sau 3 da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. A ta kayan kuwa sai ta juya fiye da sau 7. Ƙarfin ja ya kusa ninkawa, gudu kuma ya ragu ƙwarai. Ciniki ke nan, ka ba da gudu ka karɓi ƙarfi. Har gobe a kan wannan ƙa'ida ake ƙera motar kaya.

Mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama jakuna da raƙuma da takarkarai ne ke kawo gyaɗa bakin tasha, kafin manyan motoci irin su Bedford su karɓi aikin. Da masana'antu suka kafu, da farko a Bompai, daga baya Sharada da Challawa, sai aka bukaci mota matsakaiciya wadda za ta shiga lungu da kasuwar ƙauye, ta kai atamfa da robobi da man gyaɗa, ta komo da hatsi da fatu.

A cikin shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da Turawa aka kafa wuraren harhaɗa motoci: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Fiat a nan Kano, sai Peugeot a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Dattawanmu ba za su manta da Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya ba. Injinta na fetur lita 1.6 ne, giyarta huɗu a jikin sitiyari, amma ta yi wa manoma bauta, domin an yi mata bak-aksil na kaya da sifirin mai ganye-ganye, ba irin na ƙaramar motar shiga ba. Bayanta 504 ta biyo, wadda aka ci gaba da harhaɗawa a Kaduna har cikin shekarun 2000. Toyota Hilux ta Japan kuwa tun 1968 aka fara ƙera ta, sannu a hankali ta cika hanyoyinmu.

Al'amari ya juya a 1986 lokacin da aka karya darajar Naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma ga 'yan gwanjo da ake shigowa da su ta Kwatano. Daga nan ne aka shiga zamanin haɗe-haɗe: inji daga wata mota, giyabos daga wata, bak-aksil daga wata. Makanikanmu gwanaye ne, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa ba ta rasa kayan gyara, amma idan aka sa bak-aksil na motar gudu a ƙarƙashin motar kaya, komai girman injin sai ka ji tana nishi a hawa, kuloci na ƙauri, lagireto na tafasa. Mai mota ya yi ta zagin inji, alhali laifin na haƙora ne.

Yanzu ga abin da za ka duba, Malam.

Na farko, fetur ko gas? Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya nuna yana aiki a 1897, yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, shi ya sa ya fi dacewa da tashi da kaya mai nauyi, kuma bai kai na fetur shan mai ba. Amma gyaran famfonsa da nozul yana da tsada, ba ya kuma jure gurɓataccen mai. Na fetur ya fi sauƙin gyara a ƙauye. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, dole mutum ya zauna ya lissafa man kowace tafiya kafin ya yanke shawara. Idan ja ne aikinka kullum, gas ya fi. Idan jefi-jefi ne, fetur ya isa.

Na biyu, gwada bak-aksil kafin ka biya. A sa waigi a tayoyin gaba, a cire giya, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a tokare motar da kyau. A yi alama da alli a jikin taya da jikin farfela. A juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin farfela. Idan ta juya sau 4 da 'yan kai ko fiye, ta kaya ce. Idan sau 3 da rabi ne ko ƙasa, ta gudu ce. Kada kuma ka ce za ka sa mata manyan tayoyi don ado, domin babbar taya tana rage ƙarfin ja.

Na uku, idan hanyar garinku yashi ce ko taɓo, nemi mai jan ƙafa huɗu wadda ke da ƙaramin sandan giya na biyu. Wannan yana ninka ƙarfi fiye da sau 2, amma ba a tafiya da shi a kan kwalta.

Na huɗu, kuma shi ya fi kowanne, birki. Jan kaya ba shi ne wuya ba, tsayar da shi. Yawancin a-kori-kura tan guda aka yi su su ɗauka, watau buhu 10 na masara mai kilo 100. Wasu samfurin Hilux na yanzu masu injin gas lita 2.8 an yarda su ja kilo 3,500, amma sai in tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da shi, kilo 750 ne iyaka. A gangara kuma a sauko da ƙaramar giya, kada a kashe inji don tattalin mai. Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala; sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da ƙaryayyen sifirin.

Saboda haka ranar ciniki ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ku yi mata lodi daidai da aikinka, ku hau tudu da ita ku saurari kukanta. Motar da babu kaya a bayanta kowacce lafiyayya ce.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya. Sauran takardun da ba mu kai gare su ba a yi mana haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.